Ramin da Papa Ba Ya Nuna wa Kowa

Ku da kuka hana wayata sakat kuna tambayar ko na kai Aurélien gida, to na kai shi. Wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya yi haƙuri. Wanda bai san ni ba kuma, sunana Coline, shekarata ashirin da tara, ina aikin jinya a Grenoble, amma asalina 'yar bakin teku ce, daga wani ɗan ƙauye kusa da Coutances, a Normandi. Shi kuwa Aurélien ɗan tsaunuka ne, tabarau yake haɗawa, kuma in ba ya shago to yana can yana gudu a kan dutse kamar wanda aka biyo.

Shekara guda cur Maman, wato mahaifiyata, tana min waƙa ɗaya duk Lahadi. "Coco, wai mutumin nan na gaske ne, ko a cikin waya kawai yake zaune? Yayarki Maud tana shekarunki ta yaye na biyu." In na ce Maman don Allah, sai ta ce, "Ni ban ce komai ba. Kawai dai ɗakin taron bikin ƙauye sai an kama shi shekara guda kafin lokaci." Da na gaji na ɗauki hutun kwana uku a ƙarshen Satumba, na ce wa Aurélien zo in zagaya da kai ƙasarmu.

Amma ni ba Maman nake tsoro ba. Papa nake tsoro.

Papa ba ya faɗa, ba ya zagi. Kallonka kawai zai yi ya ci gaba da yanka burodinsa. Saurayina na farko shekara biyu yana zuwa gidanmu, har muka rabu Papa bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai "wancan ɗin". Ni kuma, ku ce min sakarya in kun ga dama, ba zan iya auren mutumin da Papa ke kira "wancan ɗin" ba. Na san kaina.

Ranar farko mun yi ta yawo a motar haya. Ƙananan hanyoyin nan masu shingen bishiyoyi da mota biyu ba sa giftawa, shanu suna leƙo mu, tuffa ta zubo har kan kwalta. Muka tsaya a kangon gidan sufaye na Hambye, inda rufin ya daɗe da zubewa sai hankaki ke shawagi a ciki. Ina ta zuba masa labarin yadda aka kawo mu nan muna 'yan firamare har na yi amai a bas, na juyo kawai na gan shi a durƙushe, gwiwa ɗaya a jiƙaƙƙiyar ciyawa, da zobe a hannu.

"Aurélien, tashi, wandonka!"

"Amsa tukuna."

Na ce eh. Na yi kuka, ya yi dariya, sannan tun kafin mu kai mota na tuna da Papa. Na zare zoben na sa a sarƙar wuyana, na tura cikin riga.

"Kada ka faɗa a gida sai Papa ya sake da kai."

"Yaya zan gane ya sake?"

"Za ka gane."

Da muka isa, Maman ta rungume shi kamar ɗanta da ya dawo daga soja, ta sauke shi a tsohon ɗakin Maud mai labulen furanni. Papa kuwa hannu ya miƙa masa, ya dubi takalminsa, ya fita bayan gida wajen faskaren da aka sauke masa. Ina juyawa na nemi Aurélien na rasa. Ta tagar kicin na hango su, ɗaya na miƙowa ɗaya na jerawa. Awa biyu, jama'a, na rantse ban ga bakin ɗayansu ya motsa ba. Maman ta ce, "Ko dai faɗa suka yi?" Na ce Maman, ai ba su yi maganar da za ta kai su faɗa ba.

Da yamma Maud ta leƙo da mijinta Thibaut. Shi Thibaut bakinsa ba ya riƙe ko ruwan sha. Yana ganin agogon gudu a hannun Aurélien ya maƙale masa, ashe shi ma yana cikin ƙungiyar masu gudu ta ƙauye. Nan take suka haɗa juna a manhajar da suke nuna wa duniya kilomita nawa suka ci. Ni ko kallo ba su ishe ni ba, hankalina na kan fuskar Papa.

Yanzu bari in gaya muku maganar ramin, don duk abin daga nan ya taso. A wajenmu sau kaɗan a shekara teku ke yin babbar janyewa, ya ja baya har ka daina ganinsa, ya bar duwatsun da kullum suke ƙarƙashin ruwa. Ranar kowa sai ya fita da kwando. Kuma kowane gida na asali yana da raminsa na homar, ƙaton jatan landen nan mai launin shuɗi da hannaye kamar filaya. Ka cire ɗaya yau, janyewa ta gaba wani ya tare a ciki. Namu kakana ne ya gano shi bayan yaƙin duniya na biyu. Ya nuna wa Papa, Papa ya nuna min da Maud muna yara, shi ke nan. Thibaut shekara tara yana auren Maud, ya ba Papa jikoki biyu, amma ranar janyewa a bakin yashi ake barin shi yana tonon ƙananan kifin ɓawo, irin su dodon koɗi, da yara. Maƙwabcinmu kuwa, tsoho Hamelin, shekara talatin yana bin Papa da madubin hangen nesa daga kan tudu. Saboda shi Papa ba ya taɓa miƙe hanya, sai ya yi ta kwana-kwana a bayan duwatsu har ya ɓace masa.

Washegari ina shan kofi, na ga kalandar da ke manne a firij an zagaye ranar da jan biro, ranar babbar janyewa. Papa ya shigo, ya yar da wasu tsofaffin takalman roba a gaban Aurélien.

"Lamba nawa kake sawa?"

"Arba'in da uku, Monsieur." Wato yallaɓai.

"Waɗannan arba'in da huɗu ne. Ka ƙara safa."

Maman ta damƙe hannuna a ƙarƙashin tebur har farcenta ya shige. Papa zai kai shi ramin ke nan. Murna nake, amma tsoro ya fi yawa. Na ja Aurélien gefe wajen rataye riguna.

"Ba ni wayarka."

"Ko hoto ɗaya?"

"Ko rabin hoto. Ba ka ga komai ba, ba ka je ko'ina ba. In Thibaut ya tambaye ka, ka ce yashi ka gani."

Ya miƙo ba musu. Na buɗe akwatin burodi na jefa ta ciki tare da tawa, da ƙarfi yadda Papa zai ji. Ya ji kuwa, don na ga ya ɗan gyaɗa kai yana ɗaure igiyar kwandonsa.

Ƙarfe ɗaya na rana muka sauka. Ni da rigar ruwata ruwan ɗorawa tun ta sakandare, hannun ya ɗage min, Aurélien cikin tsohuwar rigar sanyin Papa mai warin gishiri, Papa a gaba da ƙugiyar ƙarfen kakana. Mutane sun cika yashi, ana ta gaisawa, kowa na satar kallon kwandon kowa. A kan tudu ga Hamelin nan da hularsa. Papa ya ɗaga masa hannu kamar abokin arziki, ya ce ƙasa-ƙasa, "Tsohon ɓarawo."

Mun yi tafiyar kusan awa ɗaya. Muka yi arewa kamar da gaske, muka ɓuya bayan wani dutse minti biyar, muka yanko ta cikin ruwa har gwiwa. A nan na lura Papa yana jan ƙafar dama. A watan Nuwamba za a yi masa tiyatar gwiwa, kuma likita ya riga ya ce bayan nan shi da hawa duwatsu sai dai kallo. Bai taɓa yin zancen ba, Maman ce ta gaya min a waya. Da ya zame a kan ciyawar teku, Aurélien ya tare shi da kafaɗa, ya kuma kawar da kai kamar bai yi ba. Papa ma ya yi kamar ba a yi ba.

Da muka isa, Papa ya durƙusa da ƙyar, ya ɗage ciyawar da ta rufe bakin ramin. Sai ya miƙa wa Aurélien ƙugiyar. Ni kaina sau biyu kacal na taɓa riƙe ta.

"A hankali. Ta gefe. Kada ka tsokane shi, lallaɓa shi za ka yi."

Aurélien ya kwanta rub da ciki a cikin ruwan sanyi, hannu har kafaɗa. Minti ɗaya, biyu, sai ga homar ɗin ya fito da baya yana kaɗa jela, ƙato, shuɗi har yana ƙyalli. Papa ya cafke shi ta baya ya jefa kwando.

"Monsieur, kun ga girmansa!"

"Sunana Régis," in ji Papa. "Monsieur yana ofishin magajin gari."

Jama'a, na juya baya na yi kamar iska ce ta sa min hawaye. A hanyar dawowa Aurélien ya raɗa min, "Na gane." Na ce, "Yau a tebur ka faɗa."

Gida ya kacame. Maman ta ɗora ƙatuwar tukunya, ta fito da kyallen tebur na bikin aurenta, ga shinkafa da madara da kirfa tun safe tana cikin tanderu, ƙamshi har bakin titi. Na hau sama na yi wanka, na sa koriyar rigata mai maɓallai a baya wadda na ɓoye a ƙasan jaka don wannan ranar. Ina cikin sa jan baki wayata ta yi ƙara. Thibaut.

Hoto ne. Taswirar bakin tekunmu, da jan layi a kai. Layin ya yi arewa, ya tsaya, ya yanko ta cikin ruwa, ya yi kwana-kwana, ya je ya tsaya cak a wuri ɗaya. A ƙasa an rubuta: tafiya, kilomita shida da ɗigo biyu, an tsaya minti ashirin da huɗu.

"Shekara tara ina jira," ya rubuto. "Ashe agogo kawai ya kamata in aura."

Jan bakin ya faɗi a kan rigar. Agogon! Na ƙwace waya, na yi ta cika baki, na bar shi da abin da ya fi waya iya gulma ɗaure a hannu. Tun da muka sauka bakin teku ya danna shi bisa sabo, muna shigowa gida kuma abin ya haɗu da wayar ya watsa da kansa.

"Thibaut don Allah kada ka nuna wa kowa."

Ya karanta. Ɗigo uku suka fito, suka ɓace, suka sake fitowa.

"Na riga na tura zauren 'yan gudu. Raina ne ya ɓaci, Coco. Na goge yanzu."

"Su waye a zauren?"

"Mu sha takwas ne."

"SU WAYE?"

"Har da Lucile."

Lucile jikar Hamelin ce.

Ban san yadda na ƙetare barandar ba. Na tura ƙofar ɗakin Maud, na tarar da Aurélien yana ta fama da maɓallin wuyan farar rigarsa, yana maimaita jawabinsa a madubi. Na miƙa masa wayar. Ya zauna a bakin gado, ya goge abin daga manhajar, ya cire agogon ya ajiye nesa da shi kamar zai cije shi.

"Minti arba'in da bakwai ya yi a manhajar kowa na gani," ya ce. Sai ya miƙe. "Yana ina?"

"Wa?"

"Babanki. Zan gaya masa."

Na tare ƙofa. "Ba ka isa ba."

"Coline, mutumin nan ya ba ni ƙugiyar ubansa."

"Shi ya sa! Ka san me zai yi? Ba zai ce komai ba. Zai dube ka, shi ke nan, ka zama wancan ɗin har ka mutu. Wataƙila ma Lucile ba ta gani ba. Wataƙila tana wurin aiki."

"In ta gani fa?"

"Bari a ci abinci. Bari ka yi maganar zobe, ya ce ya yarda a gaban kowa. Papa ba ya janye magana. Gobe ni da kaina zan gaya masa, a hankali."

Ya dube ni. "Wannan tarko ne kike so in ɗana masa."

"Roƙonka nake yi."

Na yi kuka, na riƙe masa hannu, na ce in yana sona ya yi shiru na awa biyu kacal. Ku zage ni, na cancanta. Ya ce to, amma bai dube ni ba da ya faɗa.

Ƙarfe bakwai muka zauna, rana ba ta gama faɗuwa ba. Maud ta bar yara wajen surukarta. Thibaut ya yi tsuru-tsuru, yau ɗaya bakinsa ya mutu, har Maman ta tambaye shi ko ba shi da lafiya. Papa kuwa, wayyo, ban taɓa ganinsa haka ba. Ya sa rigar zuwa coci. Ya buɗe kwalbar ruwan tuffar da ya matsa da hannunsa, ya fara zuba wa Aurélien kafin kowa. Ya fasa hannun homar ɗin, ya ɗora mafi girma a farantinsa.

"Wanda ya kamo shi ke cin babban."

Aurélien ya ce na gode, amma bai taɓa shi ba. Ina taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur, yi magana, yi magana yanzu. Duk motar da ta wuce a titi sai na dubi ƙofa. Ya ajiye cokali, ya goge baki, ya buɗe baki ke nan aka ƙwanƙwasa ƙofar kicin.

A ƙauyenmu baƙo ta ƙofar gaba yake zuwa. Ta kicin sai maƙwabci.

Hamelin ne, ya aske gemu, baki har kunne, da kwalba a hammata.

"Ghislaine, yi haƙuri na katse muku cin abinci," ya ce wa Maman. "Ba zama zan yi ba. Régis, kai dai mugu ne. Bayan Dutsen Limami! Shekara talatin ina dubawa ta arewa, ashe kana can kudu kana min dariya." Ya ajiye kwalbar a gaban Aurélien, ya dafa kafaɗarsa. "Wannan taka ce, saurayi. Jikata ta nuna min zanenka, har inda kuka tsaya kuka huta. Gobe ma ruwa zai ja sosai, sai mun haɗu a can."

Ya fita yana fito. Ina jin tukunya tana huci a kan wuta.

Papa ya ajiye wuƙarsa a hankali. "Wane zane?"

Thibaut ya fara kame-kame, Maud ta ce rufe min baki. Aurélien ne ya yi bayani, tiryan-tiryan, agogon, manhajar, minti arba'in da bakwai. Bai ambaci sunan Thibaut ba ko sau ɗaya.

Papa ya saurara har ƙarshe. "Na'ura ce, ta yi aikinta," ya ce. "Wannan kuskure ne, kowa na yi." Har na fara sakin numfashi. Sai ya ɗago. "Yaushe ka sani?"

"Ƙarfe shida."

"Ka sani tun shida, ka zauna a teburina, ka karɓi kofina."

"Eh."

"Kai kaɗai ka sani?"

Aurélien bai ko kalle ni ba. "Ni kaɗai. Tsoro na ji, na yi shiru. Coline ba ta san komai ba."

Papa ya juyo gare ni. Idon nan nasa da ya koya min tafiya a kan duwatsu, ba fushi a ciki, tambaya kawai. Thibaut ya sunkuyar da kai cikin farantinsa. Zoben yana manne a ƙirjina a ƙarƙashin koriyar rigar, ina jin sanyinsa.

"Gaskiya ne, Coco?"

Kalma ɗaya ce ta rage min, jama'a. A'a. A'a Papa, ni na tare ƙofa, shi ya so ya zo wajenka tun a minti na farko. Tana bakina, na rantse tana bakina.

"Eh, Papa," na ce.

Papa ya sauke ajiyar zuciya, ya shafa kaina kamar ina 'yar shekara shida. Sannan ya ce wa Maman, ba tare da ya dubi kowa ba, "Akwai jirgin ƙasa daga Coutances da safe. Thibaut ya kai shi tasha. Coco za ta zauna, gobe ni da ita za mu riga tsohon can zuwa."

Aurélien ya miƙe, ya gode wa Maman da abinci, ya mayar da kujerarsa daidai, ya hau sama. Ina jin takunsa har ya rufe ƙofa. Maman tana kuka a gaban tanderu, Papa ya ɗauki hannun homar ɗin da ba a taɓa ba ya sa min a faranti, wai in ci, na rame.

Wayata ta girgiza a cinyata. Na duba a ƙarƙashin kyallen tebur. Aurélien ne.

"Na rufa miki, kuma ba zan tona ba. Babanki yana da 'ya'ya biyu kacal, ba zan rage masa ɗaya ba. Amma zan shiga jirgin nan, Coline. In za ki zo tasha, ki gaya wa babanki gaskiya, ki zo tare da shi."